Buɗaɗɗen Hannu, Buɗaɗɗen Lissafi

Karatu: 2 Korantiyawa sura 8 da 9, Ezra 8:21-34



Kowace Lahadi a majami'unmu na Minna, daga Bosso zuwa Chanchaga, daga Kpakungu zuwa Maitumbi, akwai lokacin da mawaƙa sukan ɗaga murya, jama'a su fito layi-layi, kowa ya sa abin da ya kawo a kwanon baiko. Idan lokacin godiyar kaka ya zo, sai doya da masara da shinkafa da kaji su cika gaban majami'a. Wannan sashe na sujada kowa ya san shi. Amma akwai sashe na biyu da yakan fara bayan addu'ar sallama, sa'ad da jama'a suka watse: ƙirga kuɗin, rubuta su, ajiye su da kashe su. Mun saba ɗaukar na farko a matsayin aikin ruhaniya, na biyu kuwa aikin ofis da ya shafi ma'aji kaɗai. Maganar Allah ba ta raba su haka ba. Abin da muke so mu nuna a wannan fitowar shi ne, ekklesiyar da take roƙon membobinta su buɗe hannu, wajibi ne ita ma ta buɗe littafin lissafinta, domin bayarwa da riƙon amana hidima ɗaya ce a gaban Allah.

Halin da muke ciki

Ya kamata mu fara da sanin darajar kuɗin da ake sawa a kwano. A ranar 29 ga Mayu 2023 aka sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000. A watan Yuli 2024 aka sa hannu a kan dokar da ta mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, amma duk uwar da take zuwa Kasuwar Kure ta san iyakar inda wannan kuɗi yake kaiwa. Naira 500 da gwauruwa ta sa a baiko, mai yiwuwa kuɗin motar komawarta gida ne.

A ɗaya gefen kuma buƙata tana ta ƙaruwa. Shekaru da dama ke nan hare-haren 'yan bindiga suna korar mutane daga ƙauyukan Shiroro, Munya, Rafi da Paikoro. A watan Afrilu 2021 dubban mutanen da suka tsere daga yankin Shiroro da Munya suka sami mafaka a wata makarantar firamare a cikin Minna, waɗansu kuma suka tsaya a Kuta da Gwada. Yawancinsu manoma ne, waɗanda a dā su ne ke ciyar da birni. A ranar 18 ga Janairu 2025 tankar mai ta fashe a mahaɗar Dikko kusa da Suleja, mutane fiye da 80 suka rasu. A ranar 29 ga Mayu 2025 ambaliya ta auka wa unguwannin Tiffin Maza da Unguwar Hausawa a Mokwa, ta ci rayuka fiye da 150, ta raba dubbai da gidajensu. Duk lokacin da irin wannan ya faru, akan tashi a majami'a a yi kira a kawo gudummawa, haka kuwa ya kamata. Manzo Bulus ya umarce mu mu kyautata wa kowa da kowa duk sa'ad da dama ta samu, tun ba 'yan'uwa masu bi ba (Galatiyawa 6:10). Ruwan Mokwa bai tambayi addinin kowa ba, taimakonmu ma bai kamata ya tambaya ba.

To, ga masu bayarwa da aljihunsu ya rame, ga masu buƙata da suka yawaita. Tsakanin waɗannan biyu akwai hannuwan shugabannin ekklesiya. Idan waɗannan hannuwa suka yi sakaci, an zalunci mutum biyu a lokaci ɗaya: wanda ya hana kansa ya bayar, da wanda abin bai kai gare shi ba.

Gudummawar da Bulus ya tara

Abin da muke fuskanta ba sabo ba ne. A zamanin Kalaudiyas Sarkin Roma an yi babbar yunwa, masu bi na Antakiya suka tara taimako, kowa gwargwadon ƙarfinsa, suka aika wa 'yan'uwa na Yahudiya ta hannun Barnaba da Shawulu (Ayyukan Manzanni 11:27-30). Bayan shekaru, Bulus ya ɗauki nauyin wata gudummawa mafi girma domin matalautan ekklesiyar Urushalima. Ya yi shekaru yana tara ta daga ekklesiyoyin Galatiya, Makidoniya da Akaya, ya kuma yi maganarta a wasiƙunsa ga Korantiyawa da Romawa.

Ekklesiyar Koranti tana cikin birnin ciniki mai tashoshin jiragen ruwa. Su ne suka fara ɗokin bayarwa, amma shekara ta zagayo ba su cika alkawari ba. Don ya farkar da su, Bulus ya ba su misalin ekklesiyoyin Makidoniya, wato irin su Filibi da Tasalonika. Waɗannan suna cikin tsanani da talauci mai zurfi, duk da haka sun bayar fiye da ƙarfinsu, har su ne suka riƙa roƙo a bar su su sa hannu cikin aikin. Bulus ya bayyana asirinsu: sun fara miƙa kansu ga Ubangiji, sa'an nan dukiyarsu ta biyo baya (2 Korantiyawa 8:1-5). Daga nan ya kai masu karatunsa ga tushen kowace irin kyauta, wato Yesu Kristi da kansa, wanda ya bar wadatarsa ya ɗauki talauci domin mu arzuta ta wurinsa (8:9).

Akwai ƙa'idodi uku a koyarwarsa da suka dace da kowane gida. Na ɗaya, bayarwa da shiri ake yin ta: a ranar farko ta kowane mako mutum ya keɓe wani abu gwargwadon samunsa, don kada a yi ta kame-kame ranar da ake buƙata (1 Korantiyawa 16:2). Na biyu, Allah yana auna kyauta da abin da mutum yake da shi, ba ya neman abin da babu (2 Korantiyawa 8:12). Na uku, kyautar da yake jin daɗinta ita ce wadda zuciya ta yanke da fara'a, babu tilas, babu ɓacin rai (9:7). Waɗannan ayoyi mun sha jin wa'azi a kansu. Waɗanda ba mu cika ji ba su ne na tsakiyar sura ta 8.

Yadda manzon ya tsare kuɗin

Bulus manzo ne, shi ya kafa ekklesiyar Koranti. Da ya ce su zuba kuɗin a jakarsa ya kai Urushalima, da wuya wani ya yi masa musu. Amma bai yi haka ba. Tun a wasiƙarsa ta farko ya ce su da kansu su zaɓi mutanen da suka amince da su, a ba su wasiƙu su kai kyautar, in ya cancanta shi ma ya tafi, sai su tafi tare (1 Korantiyawa 16:3-4). A wasiƙa ta biyu ya aiki Titus, ya haɗa shi da wani ɗan'uwa da ekklesiyoyi suka zaɓa da kansu domin wannan tafiya, da wani na uku da aka sha gwadawa aka same shi mai himma. Ya kuma faɗi dalilinsa a fili: ba ya so kowa ya sami abin zarginsu game da wannan dukiya mai yawa, domin burinsu su yi abin da yake daidai a idon Ubangiji da kuma a idon mutane (2 Korantiyawa 8:16-22). Ayyukan Manzanni 20:4 ya lissafa mutum bakwai da suka raka shi a hanyarsa ta zuwa Urushalima, daga Biriya, Tasalonika, Darba da Asiya, da Timoti a cikinsu. Masana da yawa suna ganin wakilan ekklesiyoyin da suka ba da kuɗin ne.

Mu lura da wannan magana ta idon Ubangiji da idon mutane. Sau da yawa idan aka tambayi shugaba lissafi, sai ya ce, "Allah ne shaidata." Gaskiya ne, Allah shaida ne. Amma Bulus, wanda lamirinsa yake da tsabta, bai tsaya nan ba. Ya nemi shaidu masu ido da baki, waɗanda za su koma gida su ce, "Mun gani, kuɗin sun isa." Hausawa sun ce gani ya kori ji.

Haka abin yake tun a Tsohon Alkawari. Sa'ad da za a yi alfarwar sujada a jeji, jama'a suka yi ta kawo kyauta kowace safiya har ma'aikata suka ce ta yi yawa, Musa ya sa aka hana kawowa (Fitowa 36:3-7). Wannan Musa ɗin kuma shi ne ya sa aka rubuta lissafin kayan a ƙarƙashin Itamar ɗan Haruna: zinariya talanti 29 da shekel 730, azurfa talanti 100 da shekel 1,775 (Fitowa 38:21-25). Mutumin da ya yi magana da Allah a kan dutse bai ga ƙasƙanci ba ne a ƙirga masa shekel.

Labarin Ezra ya fi ban mamaki. Da zai taso daga bakin kogin Ahawa da dukiyar Haikali, ya ji kunyar roƙon sarki ya ba shi sojoji, domin ya riga ya shaida wa sarki cewa Allah yana kiyaye masu nemansa. Sai suka yi azumi da addu'a. Amma wannan mai bangaskiya ya keɓe manyan firistoci goma sha biyu, ya auna musu azurfa talanti 650 da zinariya talanti 100 da sauran kayan, ya danƙa musu. Da suka isa Urushalima suka huta kwana uku, a rana ta huɗu aka sake auna kome a Haikali a gaban waɗansu firistoci da Lawiyawa, aka rubuta nauyinsa. Ezra ya dogara ga Allah game da 'yan fashin hanya, ya kuma yi amfani da ma'auni game da dukiyar. Bangaskiya da ma'auni ba su saɓa wa juna ba.

Amsa ga waɗansu tambayoyi

Wani dattijo zai ce, "Shekara ashirin ina riƙe da jakar ekklesiya, yanzu ne za a ce ba a yarda da ni ba?" Baba, muna girmama hidimarka. Amma tsarin lissafi garkuwa ce ga mai gaskiya. Ranar da wani ya tashi da ƙage, wanda ya ƙirga kuɗi shi kaɗai ba shi da abin kāre kansa sai rantsuwa, wanda ya ƙirga da mutum uku kuwa yana da takarda da shaidu. Ban da haka, dukanmu 'yan Adam ne. Ranar da yaro ya kwanta a asibiti, kuɗin ekklesiya kuma suna ƙarƙashin katifa, zuciya takan ce, "Ara kawai, ƙarshen wata ka mayar." Yawancin ɓarnar da ake samu a asusun ekklesiya daga irin wannan rance take farawa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ekklesiyar da ta bar mutum ɗaya da kuɗi ba mai duba shi ta sa ɗan'uwanta cikin gwaji. Ko a cikin almajirai goma sha biyu, wanda yake riƙe da jaka yakan ɗebi abin da ke ciki (Yohanna 12:6).

Wani kuma zai kawo 2 Sarakuna 12:15, inda aka ce ba a nemi lissafi daga masu kula da gyaran Haikali ba saboda amincinsu. Mu karanta surar gaba ɗaya. Sarki Yowash ya bar kuɗin gyara a hannun firistoci, har shekara ta 23 ta mulkinsa ba a gyara kome ba. Sai aka sake tsari. Yehoyada firist ya huda murfin akwati ya ajiye shi kusa da bagade, idan ya cika kuma, magatakardan sarki da babban firist su zo tare su ƙirga su ɗaure a jakunkuna. Bayan wannan gyara ne aikin ya tafi, amincewa ta dawo. Amincewar da aya ta 15 take magana a kai ta tsiro ne daga akwati mai kulle da ƙirgar mutum biyu.

Akwai kuma masu tunawa da koyarwar Yesu cewa sadaka a ɓoye ake yin ta (Matiyu 6:1-4). Wannan umarni ga mai bayarwa ne, don kada ya nemi yabon mutane. Ba izini ba ne ga mai karɓa ya ɓoye abin da aka danƙa masa. Sunan mai bayarwa ana iya rufe shi, amma jimlar abin da ya shigo da inda ya tafi hakkin jama'a ne su sani. Mun juya abin a wurare da yawa: muna kiran sunayen masu bayarwa da lasifika a ranar ƙaddamar da asusu, muna tafa wa mai miliyan, sa'an nan mu yi shiru a kan yadda aka kashe kuɗin. Yesu kuwa da ya zauna daura da baitulmali, gwauruwa mai anini biyu ya yaba (Markus 12:41-44).

A watan Agusta 2020, sa'ad da aka sa hannu a kan sabuwar dokar kamfanoni da ƙungiyoyi, wadda sashe na 839 nata ya ba hukuma ikon dakatar da amintattun ƙungiya, Ƙungiyar Kiristoci ta Nijeriya ta nuna rashin yardarta ƙwarai. Akwai dalilai na gaske na tsoron shisshigin gwamnati cikin al'amuran ekklesiya. Amma amsa mafi ƙarfi da za mu iya bayarwa ita ce mu tsabtace gidanmu da kanmu, har wanda ya zo bincike ya rasa abin kamawa.

Gādon da muka tarar

Bisharar da muke ji a yau a wannan jiha da tsada ta iso. A shekarar 1893 samari uku, Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a Legas da nufin kai bishara ƙasar Sudan, kamar yadda ake kiran wannan yanki a lokacin. Kafin ƙarshen 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent kuma ya rasu a Bida. Sai a 1902 mishan ɗin da Bingham ya jagoranta ya kafa tasha a Patigi, daga baya aka buɗe Wushishi a 1904, da Paiko a ƙasar Gbagyi a 1909.

A cikin waɗanda suka zo a 1902 akwai Dokta Andrew Stirrett, wanda Hausawa suka sa wa suna Bature Mai Magani. Mai sayar da magunguna ne a birnin Toronto na ƙasar Kanada, yana da dukiya. Da ya ji kiran Allah, ya rabu da kasuwancinsa, ya miƙa dukiyarsa ga aikin mishan, ya taho. Ya yi aiki cikin harshen Hausa har rasuwarsa a Jos a 1948, yana kuma cikin waɗanda suka yi aikin fassarar Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932. Ga mutumin da ya bi sawun Makidoniyawa, ya fara ba da kansa, dukiya ta biyo baya.

Kada kuma mu ɗauka kyauta ta Turawa ce kaɗai. A 1948 aka kafa ƙungiyar aikin bishara ta 'yan ƙasa, wadda daga baya aka sani da EMS, ta kuma ci gaba da aiken masu bishara da baikon ekklesiyoyin ƙasar nan. Manoma da 'yan kasuwa da iyayenmu mata na Zumunta, waɗanda ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba, su ne suka sayar da kaza da kwaryar hatsi aka gina majami'un laka, aka tallafi masu bishara. Mun gāji gine-gine da makarantu da asibitoci daga mutanen da ba su kai mu samu ba. Tambayar da jikokinmu za su yi ita ce, me muka yi da abin da aka bar mana, me kuma muka ƙara a kai.

Abin da ya wajaba a kan ekklesiya

Sa'ad da gunaguni ya tashi a ekklesiyar farko cewa ana manta da gwaurayen Yahudawa masu jin Helenanci wajen rabon abinci, manzanni ba su tsawata wa masu ƙorafi ba. Sun ce jama'a su zaɓi mutum bakwai masu kyakkyawar shaida, cike da Ruhu da hikima, aka danƙa musu aikin. Sakamakon haka Maganar Allah ta ƙara bazuwa (Ayyukan Manzanni 6:1-7). Bisa wannan misali muna ba majalisun dattawa waɗannan shawarwari.

Na ɗaya, a ƙirga baiko nan take bayan sujada, mutum uku aƙalla, waɗanda ba 'yan gida ɗaya ba, kowa ya sa hannu a takarda. Kayan godiyar kaka ma a rubuta su, ƙwarya nawa ta doya, buhu nawa na masara, nawa aka sayar.

Na biyu, kada kuɗi su kwana a gidan kowa fiye da yadda ya zama dole. A kai su banki, a asusu mai sunan ekklesiya, kada a fitar sai da sa hannun mutum biyu ko uku. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 mutane da yawa sun saba tura baiko ta waya. Kada a yarda a riƙa tura kuɗin Allah cikin asusun fasto ko na ma'aji, kome amincinsu.

Na uku, a yi kasafi a farkon shekara, jama'a su amince da shi. Kowane wata uku a karanta rahoto a harshen da mutane suke ji, Hausa ko Gbagyi ko Nufanci ko Turanci, a kuma liƙa shi inda kowa zai gani. Sau ɗaya a shekara waɗansu daga waje su duba littattafan. Wannan ya haɗa da asusun Zumuntar Mata, na maza, na matasa da na mawaƙa.

Na huɗu, kuɗin da aka tara domin wani abu, a kashe su a kan wannan abin. Idan an ce na 'yan gudun hijira ne, kada su zama kwanon rufi ko lasifika. A aika da mutum biyu ko uku su kai, su dawo da rahoto a gaban jama'a, kamar yadda Bulus ya yi.

Na biyar, a biya ma'aikatan ekklesiya hakkinsu a kan lokaci. Nassi ya ce ma'aikaci ya cancanci ladansa (1 Timoti 5:17-18). Abin kunya ne a ƙawata majami'ar birni da tayil, alhali mai bishara a ƙauye ya yi wata huɗu ba albashi. A cikin kasafi kuma a keɓe kaso tabbatacce domin gwauraye, marayu, marasa lafiya da aikin bishara, don kada su zama masu cin ragowa.

Abin da ya wajaba a kan iyali

Riƙon amana daga gida yake farawa, domin ma'ajin gobe yana zaune a teburinmu yau. Dawuda ya tuna wa jama'arsa cewa duk abin da suka miƙa wa Allah, daga hannun Allah ya fito tun farko (1 Tarihi 29:14). Ke nan ba kashi ɗaya cikin goma kaɗai ne na Allah ba, sauran taran ma za mu ba da lissafinsu.

Miji da mata su zauna tare su san abin da ke shigowa da abin da ke fita, su yanke abin da za su bayar kafin kuɗin su narke. A koya wa yara keɓe nasu tun suna ƙanana, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A biya bashi, a biya kuɗin makaranta, a kula da tsofaffi. Bulus ya yi kakkausan gargaɗi ga wanda ya ƙi kula da mutanen gidansa (1 Timoti 5:8), Yesu kuma ya tsauta wa waɗanda suke hana iyayensu taimako da sunan sun keɓe dukiyar ga Allah (Markus 7:9-13). Kada kowa ya ci bashi don ya yi alkawarin da zai sa a tafa masa.

Mu yi hankali kuma da masu mai da baiko caca, masu cewa ka shuka dubu goma ka girbe miliyan cikin mako. Gaskiya ne Bulus ya yi maganar shuka da girbi, amma ya bayyana cewa Allah yana wadata mu ne domin mu yalwata cikin kyawawan ayyuka da kyauta (2 Korantiyawa 9:6-11). Da Siman na Samariya ya so sayen baiwar Allah da kuɗi, Bitrus ya tsawata masa da zafi (Ayyukan Manzanni 8:18-23). Wannan kwaɗayin riba ba gumi shi ne ya jefa 'yan Nijeriya da yawa cikin MMM, wanda ya rufe asusun mutane a Disamba 2016, da CBEX da ya rushe a Afrilu 2025. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Kada kuɗin gida, balle na ekklesiya ko na adashin zumunta, su shiga irin wannan rami.

A ƙarshe, 'yan'uwa, ku halarci taron da ake karanta lissafi. Ku yi tambaya da ladabi, ku kuma yi godiya ga masu hidimar da suke yi ba albashi. Idan ka ga kuskure, ka bi hanyar da Ubangiji ya tsara, ka je wurin wanda abin ya shafa ko dattawa, kada ka kai shi Facebook ko bakin kasuwa. Kada kuma laifin wani ya zama hujjar rufe hannunka, domin wanda zai sha wahalar wannan fushi shi ne maraya da mai gudun hijira.

Bulus ya ce abin da ake nema ga wakili shi ne a same shi da aminci (1 Korantiyawa 4:2). Rana tana zuwa da Maigida zai buɗe nasa littafin, fasto da ma'aji da mai shara da mai miliyan kowa ya ba da lissafi. Gara mu saba da buɗe namu tun yanzu.

Ya Ubangiji Allahnmu, kai ne mai kome, mu kuwa wakilai ne. Ka buɗe hannuwanmu ga mabukata, ka tsarkake hannuwan masu riƙe da dukiyar gidanka. Ka ta'azantar da waɗanda aka kora daga gonakinsu da waɗanda ruwa da wuta suka raba da 'yan'uwansu, ka komo da salama a jiharmu. Muna roƙo cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.